Ranar da Na Ba Ministan Masar Haƙuri a Birmingham

Ƙarfe biyu da minti goma na rana fitilar farko ta mutu, kuma har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da wannan lokaci ba.

Daga unguwarmu ta Fallowfield na tako har birnin Birmingham, zuwa wani ɗakin ajiyar tsoffin takardu da ke ƙarƙashin ƙasa. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, hukumar birnin ta sallami ma'aikata, kuma a ranar za a rufe wurin gaba ɗaya. Babin ƙarshe na bincikena ya rataya a kan wasiƙa guda, wadda wani jami'in Ingila a Alƙahira ya rubuta wa matarsa, yana alfaharin yadda ya sa aka tsige wani ministan Masar a wajen shan shayi. An hana ɗaukar hoto, don haka da fensir nake kwafa, har da waƙafi (haka nake, ku yi haƙuri da ni).

Ni kaɗai ce a ɗakin. Fitila ta biyu ta mutu, ta uku ta bi ta, duhu yana matsowa layi-layi har ya rufe teburina. Sai can ƙurya wata fitila ta kama da kanta. Na ji raɗa da Larabci. Tsakanin kantocin takardu wani farin abu ya miƙe, ya sunkuya, ya ɓace, ya sake miƙewa.

Nan take na gane: ministan ne ya taso daga kabari ya biyo sawun wasiƙar.

Ƙafafuna suka ce mu gudu, amma saura layi huɗu. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni tsaye ina ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, wallahi ba ni na tsige ka ba! Ɗaliba ce ni. Ka bar ni in ƙarasa layi huɗu, in ya so ka ɗauki abarka!"

Farin abin ya yi sallama dama da hagu, sannan ya fashe da dariya.

Wata dattijuwa ce 'yar Kumasi mai sharar wurin, cikin farin hijabi. An kulle ɗakin hutun ma'aikata, shi ya sa take azahar a nan. Ita ta tsaya a kaina na ƙarasa kwafa, tana cewa, "Rubuta, 'yata, minista ya yafe." Daga ranar na koyi leƙa kowane lungu kafin in zauna karatu.

Da ƙyar na iya tambaya, "Mama, to fitilun fa?"

"Ai sai sun ga motsi suke kamawa. Ke kuwa awa biyu ko tari ba ki yi ba. Ni ma da na leƙo na gan ki zaune cikin duhu, sai da na karanta Ayatul Kursiyyu kafin na tayar da salla."