Kibiyoyin da Na Ƙara wa Kaina

Ko me zan manta a rayuwar aikina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata kaina da alƙalamin da ba nawa ba.

Shekarata goma sha huɗu a kamfanin mijin yayata, Alhaji, mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Diguel. Sai 'yarsa Hadiza ta gama karatu ta dawo mana da wani abu wai shi taswirar sani. Ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan aiki ya cije maka, wa kake nema? Ta manna ƙatuwar takarda a bangon buronmu, wato ofishinmu, sunan kowa cikin da'ira, ta haɗa su da kibiyoyi. Ranar da ta yi bayanin yadda ake karanta abin, waya nake latsawa (yarinyar da na yi wa wasa tana zanen goyo, me za ta koya mini?). Abu ɗaya na ji da kyau: Alhaji ya ce da wannan takarda zai zaɓi wanda zai riƙe sabon reshenmu na unguwar Milezi. Ni kuwa tuni na zaɓi inda zan ajiye teburina a can.

Da aka gama zanen na je na duba. Kibiya biyu ce a sunana. Ɗaya ta Alhaji ce, kan takardun duwan, wato na kwastan, da muke fito da kaya da su, ɗayar ta direba, kuma na san makullin mota yake zuwa karɓa. Da'irar Sabi'u kuwa kamar bushiya. Sabi'un da ya zo daga Kano shekara uku da suka wuce, wanda har yanzu in ya yi Larabcin garin nan sai ya sa matan kasuwa dariya. Ni da aka haifi kakana a garin nan. Kishi ya turnuƙe ni, har shayin safe na kasa sha.

Gaskiyar da ba na son faɗa ita ce, in ka tambayi Sabi'u abu, zai ajiye abin da yake yi ya nuna maka, har ya zana maka a bayan kwali. Ni in ka tambaye ni, sai in ce, "Bar shi nan, zan duba." A ganina wanda ya koya wa kowa aikinsa ya koya musu yadda za su yi ba tare da shi ba.

Da rana kowa ya fita cin abinci, sai na lallaɓa na ɗauki alƙalamin Hadiza (har launi na daidaita, don kada a ce ba ni da dabara). Na ja kibiya tara daga sunana zuwa ga mutane tara. Lissafina shi ne, sani daga wurina yake fita ya je musu. Kishi bai bar ni na lura da inda kawunan kibiyoyin Sabi'u suka dosa ba, yawansu kawai ya tsone mini ido.

Washegari aka taru gaban takardar. Alhaji ya gyara tabarau ya nuna sunana, ya ce da Larabci, "Da shunu? Mene ne wannan? Jiya ba haka na gani ba."

Hadiza ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Baba, kibiya tana tashi ne daga mai tambaya zuwa wanda ake tambaya. Bisa ga wannan, Kawu ba ya iya komai sai ya tambayi mutum tara. Har da Malam Adum."

Malam Adum, tsohon mai gadinmu, ya gyara rawani. "Ni dai, Alhaji, ƙarfe nawa kawai ya taɓa tambayata."

Aka fashe da dariya. Babu wanda ya tambayi wa ya yi zanen, kuma wannan ya fi komai zafi.

Sabi'u ne ya cece ni, abin da har yau ban gama yafe masa ba. "Alhaji, ina ganin Yaya yana nuna mana waɗanda yake son ya koya wa aiki ne."

"Madalla," in ji Alhaji, yana danne murmushi. "Dama Hadiza ta ce takardun duwan mutum ɗaya ne ya san su, ranar da ya kwanta ciwo mun tsaya. Ka fara da Sabi'u, tunda shi zai tafi Milezi."

Sati biyu na yi ina juye masa abin da na yi shekaru ina ɓoyewa. Ya ɗauke shi cikin sati ɗaya, na biyun ladabi ne kawai ya sa ya ci gaba da zuwa.

Har gobe ina kishinsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na gane sanin da ka kulle a kanka ba ya sa a neme ka, kewaye ka kawai ake yi. Kuma duk wanda zai yi coge a aikin wani, ya daure ya saurari bayanin tukuna.