Rasuwar Gwaggo, Matatar Hayaƙin Tirelar Alhaji Kailani

Hantsi ne na ranar Laraba, hadari ya taso ta wajen Dutsen Abba ya tsaya cak, ya ƙi zuba ya ƙi washewa, ni ma na kasa zama wuri guda. Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, ni Auwal direba na nan Tudun Wada, a madadin Alhaji Kailani mai mota da ogana Ɗantsoho wanda ya koya mini tuƙi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar matatar hayaƙin tirelarmu, wadda take zaune a cikin salansar motar, wato bututun hayaƙi, wadda muke kira Gwaggo. Ta rasu ranar Lahadi bayan la'asar a Kwangila, bayan ta daɗe tana fama da zazzaɓi.

Marigayiyar 'yar Beljiyam ce, tare da motar ta zo. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Duk baƙin hayaƙin da inji ya turo sai ta tare shi a cikinta, abin da zai fita waje iska ce kawai mai ɗan ɗumi. Wanda bai san gidanmu ba zai ce wannan ƙaramin aiki ne. To mahaifiyata Inna tana da asma, tagar ɗakinta kuma tana kallon inda nake ajiye mota. Sharaɗin Alhaji tun ranar da ya ba ni mukulli shi ne motar ta riƙa kwana a ƙofar direbanta, saboda ɓarayin batir da masu zuƙe gas. Ya ce ranar da ta daina kwana nan, mukulli ya koma hannun wani. Albarkacin Gwaggo nake tayar da mota kowace asuba Inna ba ta ko yin tari.

Ciwon ya fara mata a hankali. Wata 'yar fitila ta riƙa kamawa a gaban sitiyari. Ina ɗumama mota, sai inji ya ɗaga murya da kansa, wuuum, ba tare da na taɓa totur ba, zafi ya riƙa fitowa ta gefenta har da ƙauri. Sau da yawa hakan na faɗowa ana shirin tayar da salla a masallacin layinmu, sai liman ya aiko a ce don Allah a rage ƙara. Ni kuwa sai in kashe. In na kashe sai ta yi ta cewa tik, tik, tik, har a sallame. Wannan muryar ce har yanzu take dawo mini.

Ranar Lahadi na ɗauko taki, na hau babban titi, ina jin motar ba ƙarfi. Kafin in kai Kwangila masu babur suna ta yi mini nuni da hannu. Na tsaya na sauko, sai ga Gwaggo ta yi jajir kamar garwashi. Salisu mai shayi, Allah ya saka masa da niyyarsa, ya rugo da bokitin ruwa ya sheƙa mata. Ta ce ƙas, sau ɗaya. Daga nan ba ta sake cewa komai ba.

An ja mu zuwa garejin Oga Nwabueze makanike a Tudun Jukun. Ya jona kwamfutarsa, ya duba na'urorin da ke auna zafi a gabanta da bayanta, ya ce lafiyarsu ƙalau, ba ƙarya suka yi ba. Ya duba turbo mai hura wa inji iska, ba ya zubar da baƙin mai. A cikin nozul masu fesa wa inji gas ya samu ɗaya na ɗiga, yana ƙara mata toka. Da ya kwance ta ya haska tocila, cikin da ya ce asalinsa kamar saƙar zuma yake, tsakiyarsa ta narke ta dunƙule, gefe kuma ya tsage. Ya tambaye ni tsawon lokacin da nake barin mota tana aiki a tsaye, na ce har in yi salla in karya, yadda aka koya mini. Ya tambayi abin da nake yi in ta ɗaga murya, na faɗa masa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Auwal, shararta take ƙonawa," in ji shi. "Kullum ta kunna wuta sai ku kashe mata. Da sharar ta taru ta kama gaba ɗaya, ita ta cinye ta."

Oga Ɗantsoho, da ya biyo mu garejin, bai yarda ba. Ya ce shi tun ana tayar da mota da hannu yake ɗumama inji, kuma motocin zamaninsu ba su da wata gwaggo, ba su mutu ba. Nwabueze ya ce masa, "Baba, shi ya sa har yau rigarka ba ta yi fari ba." Aka yi dariya. Ni dai na kasa.

Alhaji ya ce a waya sabuwa sai an aiko daga Legas, ba kuma yau ba, a sa bututu zalla mota ta koma aiki. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi ba komai, za ta toshe tagar da tsohon zani. Na san ƙirjinta. Tun daga ranar nake fita in auna tsakanin inda nake ajiye mota da taga da ido, in dawo, in sake fita. A gareji ma na yi ta maganar har Nwabueze ya ce in matsa masa daga haske.

Marigayiyar ta bar inji da turbo da nozul shida, ɗaya yana jinya. Ta bar Inna, ta bar liman, wanda ya ce da ya sani da ya ɗaga tasa muryar kawai.

Za a yi jana'izarta gobe Alhamis bayan azahar. Za a ɗauke ta a baro daga garejin zuwa wurin 'yan gwangwan. Zaman ta'aziyya a bencin Salisu ne, ina roƙon kada kowa ya ambaci bokiti a gabansa.

Abu ɗaya ya rage. Jiya Oga Ɗantsoho ya dawo da motar ina wurin Alhaji. Yau da asuba na fito, sai na tarar bututun bai fita ta ƙasa ba yadda aka ce. An haɗa guntayen tsoffin bututu an ɗaga shi ta bayan kan mota har ya wuce rufin gidanmu, bakinsa na kallon fili. Ba wanda ya sa a yi hakan. Na tayar, hayaƙi ya yi sama, na tsaya ƙarƙashin taga ina saurare. Ƙarar ludayi kawai na ji, Inna na dama koko.

Na je gareji in yi godiya. Ƙafafun Nwabueze kaɗai na gani a ƙarƙashin wata mota. Kafin in buɗe baki ya ce in miƙo masa sifana, na miƙa.