Tsagar da ke bangon ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja baƙi zuwa kallon bangon ɗakina ba. Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa, mutanen garinmu ne suka hana.

Garin namu ƙauye ne tsakanin Tsiga da Malumfashi (sunansa kam ba zan faɗa ba, ɗan mutuncin da ya rage min nake lallaɓawa). A bayan gari akwai wani dutse da muka tashi muna kiwon awaki a gindinsa. Wata shekara sai ga wani kamfani ya zo yana fasa shi da nakiya, tifofi na kwasar tsakuwa. Ƙarar dai mun saba da ita, har kaji sun daina firgita. Abin da ya gagara sabo shi ne rafi. Ruwan da suke wanke tsakuwa da shi ya riƙa gangarowa ciki, rafin da rabin gari ke sha ya koma kamar kunun kanwa. Yara suka yi ta ciwon ciki, mata kuwa sai sun taka har ƙauyen gaba kafin su samo na sha.

Bayan an sha kai kuka, aka aiko wa dagaci cewa an ware tallafi don garuruwan da aikin ya shafa. Za a turo mutane su ga ɓarnar da idonsu, su kuma ji abin da gari ke so a yi masa. To, ni ne malamin firamare, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari, ni ne kuma mai babbar riga mai aiki. Wa za a ba magana in ba ni ba?

A taron shiri, Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata ta coci, ta ce min, "Malam, ruwa kawai za ka ce musu. Rijiyar burtsatse. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na yi mata murmushin masu ilimi. "Mama, irin waɗannan mutanen ba a zuwa musu da baki kawai. Hujja suke so, abin da za su ɗauka a hoto."

(Gaskiyar magana, ni ɗakin taro nake so a gina mana, inda sakatare zai samu teburinsa da kujera mai juyawa. Na lissafa cewa in aka yarda gidaje na rushewa, tallafin zai yi kaurin da zai kai can.)

Hujjar tawa tana gida. Bangon ɗakina da ke kallon hanya yana da tsaga tun daga taga har ƙasa. Tsagar nan ta girmi kamfanin, ta ma girmi 'yata ta biyu. Amma na ce a raina, ai nakiyar ma ba lafiya ta ƙara mata ba. Ana gobe baƙi za su zo na tsaya na dube ta, na ga ba za ta fito sosai a hoto ba. Sai na ɗauko adda na ɗan taimaka mata.

Matata Binta ta leƙo ta taga. "Malam, mutane na toshe tsaga, kai kana buɗewa?"

Na ce, "Harkar ci gaba ce, ba za ki gane ba."

Washegari da hantsi baƙi suka iso, su uku. Shugabarsu wata injiniya ce, Hajiya Hadiza, mace mai ƙarancin magana, da littafi a hannu. A ƙofar gidan dagaci na miƙe na gyara riga na fara. Na yi maganar girgizar ƙasa. Na yi maganar gidajen da ke gab da danne masu su. Har muryata na sa ta yi rawa. Ruwa kuwa na ambace shi sau ɗaya, a wucewa, kamar gaisuwar maƙiyi. Na rufe da cewa, "Gani ya kori ji. Ku biyo ni."

Gari kaf ya biyo mu.

Hajiya ta tsaya gaban bangon ta daɗe tana kallo. Ta zura yatsa ciki. Ta sunkuya ta tsinci ɓarɓashin bulo a ƙasa (shara ce kaɗai ban tuna ba).

"Malam, yaushe ta fara?"

"Ranar da suka tashi nakiyar farko, ranki ya daɗe. Muna cin tuwo muka ji ƙas!"

"Ikon Allah," ta ce. "Cikinta ga tsohon gidan zanzaro, bakinta kuma sabo fil. Wa ya yi ginin nan?"

A cikin taron akwai Baba Ishaya magini, dattijon da kunnensa ya yi nauyi. Duk abin da aka yi tun safe bai ji ba, sai wannan tambayar ce Allah ya buɗe masa kunne ya ji. Ya ɗauka hukuma ce ta zo kama shi. Ya ratso mutane yana ɗaga hannu, da muryar nan ta wanda ba ya jin kansa.

"Ni ne, 'yata, amma ba laifina ba ne! Na ce masa simintin bai isa ba, ya ce in ƙara yashi, wai shi malami ne ya san lissafi. Damina ɗaya ta tsage! Lokacin dutsen can ba mai taɓa shi sai awaki!"

Dagaci ya yi gyaran murya. Wani ya ja wa Baba riga. Baba ya zaci ƙaryata shi ake yi, ya ƙara sauti.

"Jiya ma na wuce na gan shi yana sassaƙarta da adda! Na ce Malam, ba haka ake gyara ba, ko ɗagowa bai yi ba!"

Jama'a, na san dariya iri-iri, amma ban taɓa jin ta gari guda a kan mutum ɗaya ba. Babbar rigar nan ta yi min nauyi kamar an jiƙa ta. Daga cikin ɗaki ina jiyo Binta, ita ma ba kuka take yi ba.

Sai Hajiya ta rufe littafinta. Ta dubi dagaci ta ce, "Ranka ya daɗe, in haka sauran ɓarnar take, ban ga abin da zan rubuta ba."

Nan dariya ta ɗauke. Nan ne kuma na gane abin da na yi: ba kaina kaɗai na kunyata ba, ruwan yaran mutane na sa a caca.

Sai Mama Rifkatu ta fita daga cikin taron. Ta shiga gidan maƙwabcina ta fito da kofi cike da ruwan randarsu, wanda aka ɗebo a rafi da safe. Ta ɗan rusuna ta miƙa wa Hajiya.

"'Yata, kin sha rana. Ga ruwa."

Hajiya ta leƙa kofin. "Mama, wannan fa?"

"Shi muke sha. Shi kam ba wanda ya sa masa adda."

Hajiya ta sake buɗe littafin ta ce a kai ta rafin. Kowa ya bi ta. Aka bar ni ni da Baba Ishaya, yana tambayata da ƙarfi ko ya zo gobe ya liƙe min tsagar.

Kafin damina ta zagayo aka haƙa mana rijiyar burtsatse a tsakiyar gari. Ƙungiya ta yi zaɓe, aka gode min bisa hidimar da na yi, aka ce in huta. Yanzu nakan bi layi da jarkata kamar kowa, kuma ruwan garau yake, ba abin da ya rage masa don ba bakina ne ya kawo shi ba.

Darasin da na koya shi ne, in gaskiya ta ishe ka, kada ka yi mata kwalliya. In kuwa shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi, to ka fara tabbatar wanda ya san asirinka kunnensa ƙalau yake, yadda za a iya yi masa raɗa ya yi shiru.