Yadda Za Ki Rina Siket ɗin Cikin Amarya a Tsakar Gidanku

'Yar'uwa, in ke ce babbar ƙawar amarya, gobe za a kai ta, sai yau kuka lura farin siket ɗin ciki, mai wayar nan da ke buɗa riga, yana leƙowa ta hudojin shuɗin leshinta, to kwantar da hankalinki. Ni Ladidi ta Damba na taɓa yin aikin nan sau ɗaya, a bikin ƙawata Balkisu da aka ɗauka daga Tsafe zuwa Bunguɗu. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbaci dangin ango ba za su manta da shigowar amaryarki ba.

1. Ki yi alkawari tun ba ki yi tunani ba

Amarya za ta riƙe hannunki ta ce, "Ladidi, kar ki bari in shiga gidan mutane su yi mani dariya ranar farko." Ki buga ƙirji ki ce, "Ina raye?" Ki naɗe siket ɗin ki fita da sauri, kafin wata mai hankali ta sa baki.

2. Kada ki je wurin mai rini

Akwai wani Malam Bala, shekararsa talatin yana rini. In kika kai masa, zai murza yadin da yatsa biyu ya ce, "Ɗiyata, wanga roba ne, ba shi shan rini." Irin wannan ilimin ba abin da yake ƙara wa mutum sai damuwa. Ki wuce kasuwa ki sayi shuɗiyar galura ƙulli uku. Mai sayarwa ba ya tambaya, shi ya sa nake ganin girmansa.

3. Ki dafa

Tukunya, ruwa, galura, da gishiri cikin hannu. Ban san aikin gishirin ba, amma kowa yana zubawa. Siket ɗin ba zai yarda ya shiga ba: ki danna nan, ya ɓullo can. Ki sa muciyar Inna ki taushe shi. In Inna ta leƙo ta ce me ake dafawa, ki ce sirrin amare ne.

4. Kada ki ɗauraye

Nan ne gwaninta take. In kika ɗauraye, shuɗin gaba ɗaya zai bi ruwa, siket ya koma fari fat, maganar Malam Bala ta tabbata. Wannan kuwa ba za mu lamunta ba. Ki shanya shi haka nan. Zai bushe ya yi kyau har amarya ta rungume ki tana hawaye. Wallahi ranar na ji daɗi, har na fara tunanin buɗe shago.

5. Ki tabbatar amarya ta yi zufa

Ba sai kin wahala ba. Za a sa ta a mota, a tsakiyar gwaggonni biyu, a lulluɓe, gilashi a rufe, tana kuka tun daga Tsafe. Kafin ku ratsa Gusau ta jiƙe sharkaf. A ƙofar gidan ango kuma 'yan'uwansa mata za su tare ta da feshin turare, kowace da kwalbarta, har gefen riga. Ki ƙyale su, aikinki suke ƙarasa miki.

6. Gaisuwar uwar miji

Hajiya Lami, mahaifiyar ango, za ta shimfiɗa farar dardumar da ta zo da ita daga aikin Hajji, wadda ba wanda ya taɓa takawa. Ta ajiye ta ne musamman don matar ɗanta. Amarya za ta zauna, siket ya baje, a yi nasiha doguwa. Sai a ce ta tashi.

Abin da za ki gani a kan dardumar shuɗiyar da'ira ce, ta fi faifai girma. Amarya za ta juyo ta dube ki ta cikin mayafi. Kada ki dube ta, ki dubi silin.

7. Ki ce al'ada ce

Ki gyara murya ki ce, "Hajiya, ai haka muke yi a Tsafe. Amarya tana barin shaida inda ta fara zama, alamar ta zo ke nan, ba fita." Mata biyu uku za su gyaɗa kai, wata ma ta rangaɗa guɗa. Saura ƙiris ki tsira.

Shawarata ɗaya: kafin ki buɗe baki, ki binciki garin su uwar ango. Ni ban bincika ba. Hajiya Lami ta dube ni ta ce, "Ikon Allah. Ni ko a Tsafe anka haife ni, can anka yi mani aure, ban taɓa jin wagga al'ada ba. Ɗiyar wa ce ke?"

Balkisu ce ta amsa, murya ƙasa ƙasa: "Hajiya, ban san ta sosai ba. Shigowa motarmu kawai ta yi."

Shekara goma sha ɗaya muna cin abinci a kwano ɗaya da yarinyar nan. Abin ya yi mani zafi, amma ko ni ce haka zan faɗa.

Sanarwa

Duk abin da ya biyo baya, ba hannuna ba ƙafata. Ban san ki ba, ban ba ki galura ba, kada ki ambaci sunana a Bunguɗu. Mai neman shaidar cewa hanyar nan tana aiki ta tambayi Balkisu. In kin same ta, ki ce Ladidi tana gaishe ta, tana yi mata barka da haihuwa. A bakin mai kitso na ji an yi suna.