Kyaftin Mai Duniyoyi Dubu Uku

Masha Allah, ba kowace unguwa ce ke samun mutum irin Kyaftin ba. Mu da iyakar tafiyarmu kasuwa da asibiti, sai ga mu maƙwabtan wanda ya gano duniyoyi dubu uku, yana zaune kan kujerar roba a ɗakin bayan kantin maganinsa. Wasan kwamfuta ne, amma kada ka kuskura ka ce wasa a gabansa. Bincike ake cewa.

Dokar abin ita ce ka tuƙa jirgi cikin baƙin sarari, wani sa'in tafiyar awa guda, ka isa kusa da duniya ka danna, a rubuta sunanka a kanta. Da wannan haƙuri Kyaftin ya zama shugaban ƙungiyar matuƙa ashirin da huɗu, waɗanda bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Kwatsam waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka sauya tsari. Yanzu daga nesa za ka haska na'ura, duniyoyin su bayyana cikin minti biyu. Kyaftin ya kira taron murya ranar Asabar da yamma. Har kwat ya sa, alhali ba mai ganinsa.

"Ƴan uwa matuƙa, an ci mutuncin bincike!" in ji shi. "Shekara bakwai ina ratsa duhu ni kaɗai. Ko mu rubuta musu su dawo da tsohon tsari, ko in ajiye shugabanci. Ku zaɓa."

Wata ma'aikaciyar jinya cikin matuƙan ta ce ita kam sabon ya yi mata, don minti ashirin kawai take samu in ta taso aiki.

"Mai minti ashirin ya je ya buga ludo," in ji Kyaftin.

Ana haka matarsa ta shigo da kayan guga. Baiwar Allah ba ta san duk ƙungiya na jin ɗakin ba.

"Baban yara, wai da gaske an daina zaman gadin nan? Alhamdu lillahi! Kullum ka saita jirgi ka tafi kanti, ka bar ni da ‘in ya yi ƙara ki danna.’ Tukunya nawa na ƙona saboda duniyoyin nan?"

Kyaftin ya shiga laluben maɓallin kashe murya, garin haka sai ma ya ƙara ta.

"Mama, sannu da aiki," in ji ma'aikaciyar jinya. "Ke wane tsari kike so?"

"Sabon, ƴata. Amma duniya mai zobe kada ku tunkare ta da gudu, tana jan jirgi. Ta gefe ake bi."

"La ilaha!" in ji wani tsohon malamin makaranta. "Shekara biyu ina tambayar Kyaftin wannan, yana ce min sirrin aiki ne!"

Aka kaɗa ƙuri'a, sabon tsari ya cinye kaf. Kyaftin ya gyara kwat, ya zauna jiran a roƙe shi kada ya sauka. Su kuwa sai tambaya suke wace rana Mama ke da sukuni.

Malamin ne dai ya tuna da shi. "To Kyaftin, tsakani da Allah, cikin dubu ukun nan nawa ne naka?"

Ya daɗe yana lanƙwasa yatsu. Can dariya ta kufce masa.

"Goma sha ɗaya. Biyu daga ciki ma karo na yi da su."