Alƙali Na Biyar

Ba zan taɓa iya mantawa da wata Alhamis a Riyad ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni ita. Lokacin ina aikin karɓar wasiƙu a ofishin jakadancinmu, zamanin mulkin soja a gida.

Ina da amini, Injiniya Haruna, mazaunin unguwar Suwaidi a nan Riyad. An kore shi daga wata ma'aikatar tarayya bisa zargin da ya rantse bai aikata ba. Ya sha kaye a kotun farko, ya ɗaukaka ƙara ya sake sha, shekara tara ke nan, saura Kotun Ƙoli. Ba kujerar yake nema ba. So yake a wanke sunansa tun mahaifinsa na da rai.

Ranar Laraba sai ga ƙunshin hukuncin Kotun Ƙolin daga lauyansa, shi kuwa yana wurin aiki can bayan gari. Na buga masa waya.

"Malam, buɗe ka duba mini," in ji shi. "Zuciyata ba za ta kai gobe ba."

To, ni da allo da ajami na tashi, boko da girmana na tsince shi. A lokacin in takarda ta shigo hannuna, ta dama nake buɗe ta (matata ta gaji da yi mini dariya). Na kuwa faɗa kan shafukan ƙarshe. Wani alƙali ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa an zalunci mai ƙara, a mayar da shi aikinsa. Na ce ai magana ta ƙare, tunda a sanina mai maganar ƙarshe shi ne mai hukunci.

"Mabruk, Injiniya! Allah Ya wanke ka!"

Na ji namiji yana kuka a waya. A ranar ya sa aka kira masa tsohonsa a gidan maƙwabci mai tarho, ya yi masa albishir. Ni kuma, da ba a aike ni ba, na sayi rago, na kama wurin shaƙatawa a wajen Dir'iyya, gefen Riyad, na gayyaci jama'a.

Washegari Alhamis bayan La'asar an zauna, an ajiye farantan kabsa, shinkafa da naman nan ta Larabawa, na miƙe da takardun ina jawabi kan yadda gaskiya ba ta nutsewa. Har da jawo aya. Sai Alhaji Sabo, wani babba a ofishinmu da ya karanci shari'a, ya miƙo hannu.

"Malam, ara mini in sa albarka."

Ya buɗe ta hagu. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya cire tabarau.

"Alƙalai nawa ka karanta?"

"Ranka ya daɗe, nawa ne da su?"

"Biyar. Huɗu sun kori ƙarar. Naka shi ne wanda ya saɓa musu, kuma rinjaye ake bi."

"To sai mu ɗaukaka," na ce.

"Zuwa ina? Daga nan sai Lahira."

Ashe ma akwai wasiƙar lauya a shafin farko, layi uku, ta fara da ban haƙuri.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Injiniya ya karɓi takardun, ya ware shafukan alƙalin nan ya ninke ya sa a aljihu.

"Ku ci abinci, kada ya huce," ya ce. Ya juyo gare ni. "Malam, jiya na yi barcin da na shekara tara ban yi ba. Amma kai za ka raka ni in sake kiran Baba."

Na raka shi. Ina tsaye ina jin tsohon daga nesa yana tambaya, "To wanne ne gaskiyar, na jiya ko na yau?" Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Injiniya ya yafe mini, sai dai har ya bar ƙasar "Alƙali na shida" yake kirana. Tun daga nan, takardar boko ta hagu nake fara ta, kuma ba na taya rago sai na ƙirga alƙalai.