Na Musanya Abokina Da Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi cinikin abokina a gaban mahaifiyarsa ba, ina dariya, sanye da rigata ta Juma'a.

Mu uku ne maƙwabta a Kafanchan: ni mai shagon ɗinki, da Ticha Yohanna, malamin firamare ɗan Kagoro, da Oga Nwosu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Nwosu yana da wani wasa: taswirar duniya ce a kan falanki, kowa ya ɗauki ƙasar Turawa guda, ƙwayar masara ita ce soja. (Ba caca ba ce, sai da na tabbatar kafin na fara zama.) Ni ne Ingila kullum, har na rubuta sunayen garuruwana da ajami don kada a yi mini wayo. Dokar wasan kuwa, wanda aka ci ƙasarsa ba ya tashi. Ya zama ɗan mulkin mallaka: ya koma bayan wanda ya ci shi ya zauna, masararsa ta zama sojan ubangidansa, in an zo sulhu kuma ba shi da baki.

Sai rikicin addini na 1987 ya zo. Aka ƙona gidan Ticha, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da nawa. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kagoro wurin tsohuwarsa. Ƙarshen shekara dattawan unguwa suka ce ni zan je in roƙe shi ya dawo ya sake gini, tunda ni ne amininsa. Na ji daɗin wannan zaɓi fiye da kima. Na shirya jawabi mai ratsa zuciya, na yi ta bitarsa a mota. Nwosu ya biyo ni da falankinsa, wai wasa zai sassauta zukata kafin a shiga magana.

Ya kuwa sassauta. Muka zauna a tsakar gida, Mama, tsohuwar Ticha, tana gefe tana tsaga citta, har Ticha ya yi dariya. Ban daɗe ba na ci ƙasarsa, ya ja kujera ya koma bayana. Da masararsa na afka wa Nwosu, amma shi ya riƙe teku, ya toshe mini ko'ina.

"Malam, kai ya mutu yau," in ji Nwosu da Hausarsa ta ɗan koyo. "Kawo sulhu."

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na manta abin da ya kawo ni, na gyara zaman hula na ce, "Ka sakar mini teku, in ba ka Yohanna da mutanensa duka."

"Yohanna kaɗai? Bai isa ba."

"Haba Oga! Dube shi fa. Lafiyayye ne, ga biyayya, ba ya gardama. Mutanen dutse akwai juriya." (Har kafaɗarsa na bubbuga, Allah Ya yafe mini, kamar mai nuna rago a kasuwa.)

Wuƙar Mama ta tsaya. Ta ɗago ta ce da gurguwar Hausarta, "Yarona, wane ne kana sayarwa?"

Na ce, "Wasa ne, Mama."

Ta ce, "Yayan babana, da doki an canja shi. Daga dutsen nan an kama shi, an kai arewa. Ba ya dawo ba." Ta koma kan cittarta, sannan ta ƙara, "Su ma suna dariya lokacin. Haka an gaya mana."

Da ƙasa ta tsage da na shige har da hular. Nwosu ya zuba wa takalminsa ido. Ticha kuwa, ai doka ta hana shi magana. Miƙo hannu kawai ya yi ta saman kafaɗata, ya tsince masararsa daga falankin, ya watsa wa kaji. Sai na ga Ingilar tawa babu kowa a ciki sai 'yan ƙwayoyi a lungu. Ashe duk yaƙin da nake taƙama da shi, da mutanensa nake yi. Ba yaƙi, ba sulhu, sai ƙarar bakin kaji.

Abin da ya ƙarasa ni, da la'asar ta yi, Mama da kanta ta kawo mini buta da tabarma, ta nuna mini gabas. Ban taɓa yin sallar da na kasa ɗaga goshi daga sujada kamar wannan ba. Jawabin nan kuwa, da shi na koma gida a cikina.

Ticha bai dawo ba. Ya sayar da filin, yanzu wani mai facin taya ne a wurin. Ba na cewa maganata ce kaɗai ta hana shi, wutar ta riga ni. Amma ni aka aika da ruwa. In mun haɗu a tasha yakan gaishe ni da mutunci, ya ce, "Ingila, yaya iyali?" Ba ya murmushi, ni ma ba na yi.

Har yau akan kira ni sulhu a unguwa, saboda furfura. Kafin in buɗe baki nakan waiga in ga wa ke zaune a bayana, an hana shi magana. Nwosu kuwa ya yi ta nemana da wasan har ya gaji. Na ce masa na sauka daga sarautar Ingila, ɗinki ya ishe ni.